Sitiyari Mai Wasa a Kan Gargada

Duk wanda ya saba bin hanyoyinmu na karkara bayan ɗaukewar ruwa ya san gargada. Ruwan damina ya riga ya kwashe ƙasar kan hanya ya bar ramuka, sa'an nan manyan motoci masu jigilar hatsi su bi ta kai su mai da ita kamar kunyoyin gona. Mota tana hawa sai kome na cikinta ya kama rawa, ƙofa tana ƙara, haƙoran fasinja suna haɗuwa, direba kuwa ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu. To, a cikin wannan hayaniya akwai wata cuta da takan ɓuya, wato sitiyari ya yi sako-sako. Direba yakan ji shi a hannunsa, amma sai ya ce laifin hanya ne. Mu ma haka muka yi ta faɗa har wata huɗu, saura ƙiris mu biya da rayukan iyalinmu. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba masu karatu labarin, tare da abin da muka koya daga bisani.

Abin da ya same mu

Tun cikin watan Agusta muka lura sai mun juya sitiyarin tsohuwar motarmu kamar faɗin tafin hannu kafin ƙafafun gaba su amsa. In ta faɗa rami kuma mukan ji wata 'yar ƙara, ƙwas, daga hannun hagu. Muka kai wa wani yaro mai gyara a bakin titi. Ya shiga ƙarƙashi da guduma, ya bubbuga, ya fito yana kaɗe hannu ya ce ya ɗaure. Kwana biyu abin ya yi kamar ya warke, sa'an nan ya dawo. Ga kuɗin makarantar yara, ga hidimar gida, sai muka ce a bari sai sabuwar shekara.

Ana saura kwana uku Kirsimati, bayan an rufe makaranta, muka kama hanyar ƙauye mu da uwargida da yara uku, ga buhun shinkafa da sauran tsaraba a baya. Mun bar kwalta da kamar kilomita 15, muna gangarawa wajen wani kwalbati, sai ƙafar hagu ta faɗa rami. Sitiyari ya fizge, mota ta nufi hagu, ga mai babur yana tahowa ɗauke da mace da goyo. Muka karya dama, mota ba ta amsa nan take ba. Da ta amsa kuwa sai ta wuce gona da iri, ta shiga ciyawa, ta tsaya taki biyu daga bakin kwalbatin. Abin da ya taimake mu shi ne ba mu wuce gudun kilomita 40 ba. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta dai waiwaya tana ƙirga yara da ido.

Mai babur ɗin, maimakon ya yi faɗa, shi ne ya koma garin da ke gaba ya ɗauko mana wani dattijo makaniki. Dattijon ya ɗaga ƙafar hagu da jak, ya kama ta ya girgiza sau biyu kawai, ya kira mu.

“Malam, zo ka sa hannunka a nan.”

Muka sa. Kan tairod ne, robarsa ta yage tuni, ba ko ɗigon giris, ƙwallon yana yawo a cikin gidansa kamar haƙori mai shirin faɗuwa. Ga shatin guduma kewaye da shi.

“Wa ya yi maka wannan?”

Muka gaya masa.

“Ai ba gyara aka yi maka ba, Malam, rufe maka ido aka yi. Guduma tana matse bakin ƙarfen na kwana biyu, amma abin da ya cinye ya riga ya cinye. Da ka ƙara rami biyu ko uku, da ƙwallon ya fita, ƙafar nan ta juya inda ta ga dama, sitiyari kuwa yana hannunka ba ya aikin kome.”

“To, Baba, ta yaya mutum zai gane tun da wuri?”

Amsar da ya ba mu a ƙarƙashin wata ɗorawa, yayin da muke jiran yaronsa ya sayo sabon kan tairod, ita ce tushen abin da ke biye.

Yadda sitiyari yake aika saƙo ga ƙafa

A aji mukan jera yara mu raɗa wa na farko magana, shi kuma ya raɗa wa na biyu, har ta kai ga na ƙarshe. In kowane yaro ya yi ɗan jinkiri, saƙon ba zai isa da wuri ba. Haka sitiyari yake. Daga hannun direba juyi yana bi ta sandar sitiyari, wadda take da gaɓa ɗaya ko biyu, ya sauka a kan na'urar da take mai da juyi ya zama turi hagu ko dama. Daga nan sai tairod na ciki, sai tairod na waje, sai ƙafa. Ita kuma ƙafar tana juyawa a kan boljoyin, tana mirginawa a kan boris, hannuwan ƙarfe da suke riƙe da ita kuwa suna maƙale da jikin mota ta wurin robobin da ake kira bushin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan in ya cinye da milimita ɗaya ko biyu, su ne za su haɗu su zama faɗin tafin hannu a kan sitiyari.

Na'urar nan ta tsakiya iri biyu ce. Akwai rak, wato doguwar sandar ƙarfe mai haƙora wadda wani ƙaramin giya yake turawa. Irinta ce a Peugeot 504 da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975, ita ce kuma a galibin ƙananan motocin yanzu. Akwai kuma akwatin sitiyari, wanda ake samu a manyan motoci, da tsofaffin akori-kura, da Volkswagen mai siffar kunkuru. Mai akwati yana da gaɓoɓi da yawa, saboda haka tun yana sabo yakan fi mai rak ɗan wasa.

Me ya sa gargada take cinye waɗannan abubuwa? Bari mu yi ɗan lissafi. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. In tsakanin kunya da kunya ta gargada rabin mita ne, to kowace ƙafa tana shan duka sama da 30 a daƙiƙa. Duk dukan nan a kan gaɓoɓi yake sauka. Da zarar robar da ta rufe gaɓa ta tsage, giris ya fita, ƙura da ruwa su shiga, su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su yi ta cin ƙarfen a hankali. A kan kwalta mai santsi ba a cika jin wasan ba, gama ƙafar tana jingine a gefe guda. A kan gargada kuwa kowane tudu yana bugun ta hagu da dama, ita ke nan sai ta yi ta zaɓar wa kanta hanya.

Alamun da bai kamata a ƙyale ba

Mota tana yawo a kan hanya, sai ka yi ta gyara mata zama ko da hanyar miƙaƙƙiya ce. Kana juya sitiyari ƙafafu ba sa amsawa nan da nan. Kana jin ƙwas-ƙwas ko gwaf-gwaf daga gaba in ka hau tudu ko ka sha kwana. Sitiyari yana kaɗawa bayan ka faɗa rami. Sitiyarin ya karkace alhali mota tana tafiya sosai. Tayar gaba tana cinyewa ta gefe guda. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, to lokacin dubawa ya yi.

Gwaji biyar da za a iya yi a gida

Ana bukatar mutum biyu, da fili mai tauri wanda ba gangara, da jak, da ɗan guntun alli. Uwargida ko babban yaro za su iya zama a kujerar direba. A kashe inji, a ja birkin hannu, a sa duwatsu gaba da bayan ƙafafun baya.

Na ɗaya, taya da noti. A fara da abu mai sauƙi. A gwada iskar taya da geji tun da safe kafin mota ta yi tafiya. Adadin da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, ko a littafin motar. Tayar da iska ta yi wa kaɗan takan sa mota ta yi ta lilo, wadda aka cika fiye da kima kuwa takan yi ta tsalle a kan gargada. Sa'an nan a bi notunan ƙafa ɗaya-ɗaya da sifana. Sau da yawa mai faci ya ɗaura taya cikin gaggawa bai ƙarasa ɗaurewa ba.

Na biyu, awon wasan sitiyari. A miƙe ƙafafun gaba sosai. In motar mai fawa sitiyari ce, a nan kaɗai za a ta da inji, a bar giya a firi. Ka tsaya a waje ka zura hannu ta taga, ka juya sitiyari a hankali zuwa hagu har ka ga taya ta fara motsi. Ka yi zane da alli a bakin sitiyarin daidai da wani abu tsayayye. Ka mai da shi dama a hankali har taya ta sake fara motsi, ka sake zane. Tazarar da ke tsakanin zane biyun ita ce wasan. Littattafan gyara na motocin Toyota da yawa sun sa iyaka a milimita 30, wato kusan faɗin yatsa biyu. A Ingila, ƙa'idar masu duba lafiyar mota ga sitiyari mai faɗin milimita 380 ita ce kada wasa ya wuce milimita 13 in mai rak ne, ko milimita 75 in mai akwati ne. Ga maigida dai, in ƙaramar motarka ta wuce yatsa biyu, akwai abin da ya cinye.

Na uku, neman gaɓar da take wasa. A kashe inji amma a bar makulli inda sitiyari ba zai kulle ba, ƙafafu kuma suna ƙasa. Wanda ke ciki ya yi ta kaɗa sitiyari hagu da dama, gajere-gajere. Kai kuma ka durƙusa a gefe da tocila, ka bi gaɓoɓin da ido. Abu biyu da suke haɗe ya kamata su motsa tare kamar abu ɗaya. In ka ga sanda ta motsa kafin ƙafa ta bi ta, nan ne. Ka rungume gaɓar da tafin hannu, za ka ji tana bugawa, amma ka kula kada yatsa ya shiga inda ƙarfe zai matse shi. Ka duba ko shi rak ɗin kansa yana zamewa a mazauninsa, ko akwatin sitiyari yana motsi a inda aka ɗaure shi. Ka duba kowace roba, ko ta yage, ko mai yana tsiyaya daga cikinta.

Na huɗu, girgiza ƙafa. A ɗaga ƙafa ɗaya da jak har ta bar ƙasa, a tura gungumen itace mai kauri ƙarƙashin ƙarfen motar. Kada wani ya kuskura ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, yara kuma su tsaya nesa. Ka ɗauki tayar kamar fuskar agogo. Ka kama ta a ƙarfe tara da ƙarfe uku, ka girgiza, hannu ɗaya yana turi ɗaya yana ja. In akwai wasa, galibi tairod ne. Sa'an nan ka kama ta a ƙarfe goma sha biyu da ƙarfe shida. In akwai wasa, boljoyin ne ko boris. Ga dabarar da Baba ya nuna mana ta rarrabe su: a sa wani ya taka birki a hankali ka sake girgizawa. In wasan ya ɓace, boris ne. In yana nan, boljoyin ne ko bushin. Ka kuma mirgina tayar da hannu ka kasa kunne, boris da ya mutu yakan yi gurnani. A wasu motoci nauyin sifirin yakan danne boljoyin ya ɓoye wasansa, sai makaniki ya ɗaga shi da ƙarfe kafin ya bayyana.

Na biyar, shokozoba. A sauke mota. Ka danna kusurwarta da ƙarfi sau biyu ko uku ka saki. Ya kamata ta taso sau ɗaya ta zauna. In ta ci gaba da lilo, ko ka ga mai ya jiƙe jikin shokozobar, ta mutu. Aikinta shi ne ta danne taya a ƙasa. In ba ta aiki, taya takan yi ta tsalle a kan gargada, tayar da take sama kuwa ba ta jin sitiyari, ba ta jin birki. Irin wannan taya za ka ga ta cinye gurbi-gurbi kamar an yi ta kwasa da cokali.

Gyaran da ya dace

Kan tairod ko boljoyin da ya cinye ba shi da magani sai canji. Ba a bugunsa da guduma, ba a cusa masa fata ko roba, ba a yi masa walda. Tairod da ya lanƙwashe ba a gasa shi a wuta a miƙe shi, gama zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen, wata rana sai ya karye ba sallama. In na hagu ya cinye, a duba na dama da kyau, tun da hanya ɗaya suka bi.

In za ka sayi sabo, ka tafi da tsohon a hannu domin a gwada. A manyan kasuwannin kayan mota, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, akwai kaya iri-iri a farashi iri-iri. Ka nemi mai shagon da aka sani, ka tambaye shi mai kyau, ka tuna araha ba ta ado. In na hannu ne za ka saya, ka juya ƙwallon da yatsa. Mai lafiya yana da tauri, robarsa ba tsaga. Wanda yake kaɗawa da kansa ya riga ya gama aikinsa a motar wani.

Ka tsaya a wurin sa'ad da ake ɗaurawa. Makaniki mai hankali yakan ƙirga juyi nawa ya yi wajen kwance tsohon kan tairod, ya mai da sabon da juyi daidai wannan. Ka tabbata an ɗaure noti sosai. In irin notin da ake zura wa 'yar waya ne don kada ya warware, a sa sabuwa, kada a bar ramin haka. Ka kuma karɓi tsohon kayan ka gani da idonka.

Bayan an gama canji sai a kai mota a yi mata alaimen, wato a daidaita fuskar ƙafafun gaba. Alaimen shi ne na ƙarshe. Wanda ya yi shi a kan gaɓoɓin da suke wasa ya zubar da kuɗinsa, gama ramin farko zai rushe shi.

Masu akwatin sitiyari su lura da wannan. A kan akwatin akwai wata kusa ta rage wasa. Ana taɓa ta ne bayan an tabbata duk sauran gaɓoɓi lafiya suke, ƙafafu a miƙe, kaɗan-kaɗan ana gwadawa. In aka matse ta fiye da kima, sitiyari zai yi tauri ya ƙi komowa da kansa bayan kwana, wannan kuwa ya fi wasan hatsari. Motocin daji masu gatari guda a gaba kuma, irin su tsofaffin Land Rover da wasu Land Cruiser, sukan kama wata muguwar kaɗawa bayan sun daki rami. Sau da yawa akan canza 'yar shokozobar sitiyari a ce an gama. Ita tana ɓoye ciwon ne kurum. A nemi bushin ko boris ko gaɓar da ta cinye. Ƙarancin man fawa sitiyari kuwa yakan sa sitiyari ya yi nauyi yana kuka, wannan wata matsala ce dabam, ƙara mai ba ya kawar da wasa.

In abin ya same ka a hanya

Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, manyan yatsunka a kan bakinsa, kada ka zura su ciki, domin in ya fizge yana iya karya su. Ka ɗaga ƙafa daga totur. Kada ka daki birki da ƙarfi, ka taka shi sannu-sannu har mota ta lafa, ka gangara gefe ka tsaya. Ka duba notunan ƙafa da gaɓoɓi. In gaɓa tana shirin rabuwa, kada ka ce bari mu lallaɓa. A kawo makaniki inda motar take.

Wasu direbobi sukan ce maganin gargada gudu ne, wai in ka taka sosai mota takan bi ta kan kunyoyin ta daina rawa. Gaskiya ne rawar takan ragu, amma dalili shi ne tayoyin sun rage taɓa ƙasa. Ranar da akuya ko yaro ya gitta, sa'an nan za ka san ba ka da sitiyari ba ka da birki. Lodi fiye da kima a baya shi ma yana ɗaga gaban mota ya sa sitiyari ya yi shawagi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan yi ta gargaɗi a watannin ƙarshen shekara, lokacin da kowa yake hanyar gida. Lokacin nan kuwa shi ne daidai bayan damina ta gama ɓata hanyoyi da gaɓoɓin mota. Saboda haka muna ba da shawara a yi gwajin nan biyar sau ɗaya da ɗaukewar ruwa, a kuma sake yi mako guda kafin kowace doguwar tafiya, domin in an ga wani abu a sami sararin gyara. Tsofaffin motoci masu ramin ɗura giris kuma a riƙa ɗura musu duk sa'ad da aka yi juyen mai.

Mu dai ran nan sai bayan faɗuwar rana muka isa ƙauye, muna tafiya kamar hawainiya, tsofaffi suna tsaye a ƙofar gida hankalinsu a tashe. Kuɗin sabon kan tairod da ladan Baba duka ba su kai na rabin buhun shinkafar da ke bayan motar ba, kuɗin nan ne kuwa muka yi wata huɗu muna jin nauyinsa. Tsohon kan tairod ɗin yana nan a aljihun motar, kusa da guntun alli. Yanzu kowace Asabar ta farkon wata uwargida takan hau kujerar direba ta kaɗa sitiyari, babban yaronmu yana riƙe da tocila, mu kuma muna durƙushe muna duba gaɓoɓi. Abin ba ya cin minti 20.

Maigida, kafin ka loda iyali a wannan wata, ka nemi guntun alli ka auna naka. Allah ya kai mu gidajenmu lafiya.